Masu Hawa da Igiya da Zarto: Ziyara Wurin Masu Gyaran Bishiya a Ingila

A ƙarshen watan Oktoba na sauka Landan, lokacin da ganye ke zuba, magariba kuma ke yi tun kafin ƙarfe biyar. Bikin kammala karatun ɗan yayata ne ya kai ni, a wurinsa kuma na sauka, a wani ɗan gida da yake haya a unguwar Ealing, yammacin birnin. Layin nasu dogo ne, gidajen jan bulo gefe da gefe, bayan kowane gida uku ko huɗu kuwa akwai wata gabjejiyar bishiya mai ɓawo dabbare-dabbare, wadda suke kira filen. Washegarin isata na ga an ɗaɗɗaura alluna masu ruwan ɗorawa a jikin turakun fitila, an rubuta cewa ranar Talata kada kowa ya ajiye mota a wannan ɓangare, za a yi aikin bishiya.

"Kawu, ranar nan ba barcin safe," in ji yaron. "Ƙarfe takwas za ka ji su."

Haka kuwa aka yi. Mutum huɗu suka zo cikin farar mota mai akwati a baya, tana jan wani inji mai wangamemen baki. Sun yi kusan rabin awa ba su taɓa zarto ba. Sai jera robobin tare hanya suke yi, suna kafa alamun gargaɗi, suna karkatar da masu tafiya a ƙasa zuwa ɗaya gefen. Daga nan ɗayansu ya wurga wata 'yar jaka mai nauyi da ke ɗaure a bakin siririn zare, ta tsallake wata gwafa can ƙololuwa ta dawo ƙasa. Da zaren ya jawo igiya, da igiyar ya hau. Babu tsani, babu rungumar gindin itace.

Kafin azahar sun aske bishiya uku ƙwal, ba su bar komai ba sai manyan rassa masu ƙululu a baki. Duk wanda ya san yadda kuka ke komawa bayan an sassare ta don ganyen miya zai gane siffar. Da na tambayi dalili sai aka ce laifin ƙasar ne. Yawancin Landan a kan yumɓu take zaune. In bazararsu ta yi tsanani, saiwoyi su zuƙe ruwan yumɓun, ya motse, harsashin gida ya zauna, bango ya tsage, masu gida da kamfanonin inshora su taso wa ƙaramar hukuma. Shi ya sa duk bayan 'yan shekaru ake rage wa bishiyar kai a daidai inda aka yanke a baya, don ta rage shan ruwa. Ita kuwa filen ta jure wannan, kamar yadda ta jure hayaƙin kwal na zamanin da, saboda takan zubar da tsohon ɓawonta tare da dattin da ya manne masa. Waɗanda ke dandalin Berkeley a tsakiyar birni tun 1789 aka dasa su, har yau suna tsaye.

Shugaban ayarin ya lura da tsayuwata. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin, gajere, kakkaura, ya daina hawa saboda kafaɗunsa sun gaji. Da ya ga tambayata ba ta ƙarewa sai ya ce in ina so in zo ma'ajiyarsu da sassafe in bi su wani aiki, da sharaɗi biyu: zan sa hular kwano, kuma inda ya ce in tsaya nan zan tsaya.

Kayan aiki a ma'ajiya

Ƙarfe bakwai na safe gari bai gama wayewa ba. Ma'ajiyar wani fili ne a bayan gari, an tara gumagumai da tulin ɓarzajjen itace mai tururi, sai kwantena biyu da aka garƙame da manyan kwaɗuna, don ɓarayi na son zarton inji ƙwarai. Mai hawan nasu saurayi ne siriri da bai kai talatin ba. Ya baje kayansa a kan tebur yana bin su ɗaya bayan ɗaya, igiya kuwa yana jan ta ta cikin tafin hannunsa daga wannan baki zuwa wancan, yana laluben inda ta kurje ko ta yi tauri.

Farkon kayan ita ce ɗamara mai faɗi da ke kama ƙugu da cinyoyi, yadda mutum zai zauna a cikinta yana reto. Sai igiyoyi biyu, kowace da launinta, domin ƙa'idar yanzu ita ce mai hawa ya kasance ɗaure ta hanya biyu, in ɗaya ta tsinke ko zarto ya ci ta, ɗayar ta riƙe shi. Sai ƙugiyoyin ƙarfe waɗanda ba sa buɗewa sai an yi musu motsi uku, don kada reshe ya goge su su buɗe da kansu. Abin da ke riƙe mutum a jikin igiya wani ƙulli ne da ke zamewa in an tura shi da hannu, ya kuma cije in nauyi ya hau kansa. Wani ɗan Ostiriya mai hawan duwatsu, Karl Prusik, shi ya fito da shi a 1931, har yau kuma da sunansa ake kiransa, ko da yake matasa sun fi son ƙananan na'urorin ƙarfe da ke yin aiki iri ɗaya. Akwai kuma ƙarafa masu tsini da ake ɗaurawa a ƙwauri, amma waɗannan sai a bishiyar da za a kayar gaba ɗaya, don kowane taku rauni ne a jikin mai rai.

Kowane abu a cikin waɗannan yana da lamba, kowace lamba tana cikin littafi. Wata doka ta 1998 ta wajabta cewa duk wata shida wani ƙwararre ya duba kayan da ke ɗaukar nauyin mutum, ya sa hannu. Abin da ya faɗi jarrabawa ba a ajiye shi a gefe don wata rana. Na ga wata igiya da aka daddatsa gunduwa-gunduwa a cikin kwandon shara, shugaban ya ce da gangan ake yi, don kada wani ya ga kamar da sauranta ya ɗauka.

Wandon ne ya fi ba ni mamaki. A ido wando ne mai kauri kawai, amma cikinsa cike yake da dogayen zaruruwa da ba a saƙa su da ƙarfi ba. Sarƙar zarto tana gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa ɗaya. In ta taɓa wandon sai ta fizgo zaruruwan, su nannaɗe haƙoran da ke juya ta, ta tsaya cak kafin ta kai ga nama. Akwai mai kariya ta gaba kaɗai, na masu aiki a ƙasa, akwai mai kariya gaba da baya, wanda masu hawa suka fi sawa tunda a sama zarto na iya zuwa ta kowace fuska. Aibinsa zafi: a bazara mutum yakan jiƙe sharkaf da gumi tun kafin hantsi. Takalmin ma haka yake, da ƙarfe a baki da zaruruwa a jiki. Hular kwano tana da maɗaurin haɓa, da ragar kare fuska, da marufan kunne, wasu ma da rediyo a ciki don na sama da na ƙasa su ji juna ba tare da ihu ba.

Zartunan kusan duk na Stihl ne na Jamus ko Husqvarna na Suwidin. Na farkon da Andreas Stihl ya ƙera a 1926 sai mutum biyu ke iya sarrafa shi. Na hawa na yau bai wuce kilo huɗu ba, mariƙinsa a sama yake, an yi shi ne don cikin bishiya kawai, ba a yarda a yi aikin ƙasa da shi ba. Masu batir sun fara yawa, ba hayaƙi, ba jan igiyar tayarwa a kan reshe. Sai kuma lanƙwasasshen zarton hannu na Japan da ke rataye a ƙafar mai hawa cikin kube. Saurayin ya nuna mini tabo a bayan hannunsa na hagu, ya ce wannan ƙaramin ya fi babban yawan zubar da jini, don shi ne ake rainawa.

Na tambayi yadda ake shiga sana'ar. Wasu kan yi kwas a kwalejoji irin su Merrist Wood a Surrey ko Capel Manor a arewacin Landan, wasu kan fara daga jan rassa a ƙasa, amma kowa sai ya bi jarrabawar takardun shaida bi da bi. Da farko gyaran zarto da wasa shi da datsa gungume. Sai kayar da ƙananan bishiyoyi. Sai hawa da sauko da wanda ya ji rauni a sama. Bayan wannan ne kawai ake ba mutum izinin hawa da zarton inji. Wato sai ka iya ceton abokin aikinka kafin a ba ka abin da zai sa a cece ka. A kan wannan jeri duk sauran aikin ya ginu.

Wuni ɗaya a gindin oak

Aikin ranar a wani lambun bayan gida ne kusa da Richmond. Tsohon itacen oak ne, tsayinsa ya fi bene mai hawa biyar, wani ƙaton reshensa ya miƙe bisa ɗakin gilashi na maƙwabta. A gindinsa wani naman gwari mai tauri ya fito, alamar ruɓa daga ciki. Tun makonni kafin ranar wani masani ya zo ya kewaye gindin da ƙananan ƙusoshi, yana ƙwanƙwasa kowace, na'ura tana auna saurin wucewar sauti ta cikin itacen. Inda yake da lafiya sauti ya wuce da sauri, inda ya ruɓe ya yi jinkiri, kwamfuta ta zana taswirar cikin. Sakamakon ya nuna akwai kogo, amma sauran naman zai iya riƙe bishiyar in an rage mata nauyi da kamun iska. Tunda kuma tana cikin waɗanda ƙaramar hukuma ta sa wa dokar kariya, sai da mai gidan ya nemi izini a rubuce. A unguwannin tarihi ma, ko bishiyar da ba a sa wa wannan doka ba sai an ba hukuma sanarwar mako shida kafin a taɓa ta.

Shugaban ya tara su a jikin mota ya karanta takarda ɗaya. Lambar adireshin gidan, don in an kira 999 kada a tsaya inda-inda. Asibitin gaggawa mafi kusa. Ta inda motar asibiti za ta shigo. Inda wayar lantarki ta bi. Wanda zai hau ceto in wani abu ya faru, da inda kayansa suke. Wannan mutumin ya sa ɗamararsa tun da safe ya wuni da ita yana jan rassa, igiyarsa kuma tana nan a gindin bishiya a shirye. Dalili shi ne masu kashe gobara ba lalle su iya kaiwa ga mutumin da ke reto a tsakiyar rassa a bayan gida ba, wanda zarto ya sari jijiyar cinyarsa kuwa mintuna kaɗan gare shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ka ji inda maganar ta zama doka. Kowane mai hawa ma yana ɗauke da usur, da babban bandeji, da maɗaurin tsayar da jini a jikin ɗamararsa.

Daga nan suka kewaya bishiyar suna kallon sama, shugaban yana bubbuga gindin da gudumar roba yana saurare. Suna neman busassun rassa da suka maƙale, da tsaga, da ramuka. Ramukan ba don ruɓa kaɗai ake dubawa ba. Jemagu duk doka ta kare su a ƙasar, lalata makwancinsu laifi ne, haka ma rushe sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita, bisa wata doka ta 1981. Wannan na cikin abin da ya sa manyan ayyuka suka fi yawa daga kaka zuwa ƙarshen hunturu. Dokar aiki a sama ta 2005 kuma ta ce a fara tambaya ko za a iya yin aikin daga ƙasa, in ba zai yiwu ba a nemi motar da ke ɗaga mutum a kwando, hawa shi ne zaɓin ƙarshe. A nan ƙofar lambun ko amalanke da ƙyar take shiga, don haka sai hawa.

Reshen da ke bisa gilashi shi ya cinye safiyar. Ba a sake shi ya faɗo ba, tsinke ɗaya ma. Saurayin ya ɗaura wata 'yar taya mai kwari a sama, aka zura igiya ta uku ta cikinta, ba irin ta hawa ba, aka sauko da bakinta aka nannaɗa a wani bututun ƙarfe da aka ɗaure a gindin bishiyar. Yakan ɗaure gunduwar da zai yanke, ya gyara tsayuwa, ya kira na ƙasa. Sai ya ji amsa yake ta da zarto. Ya fara 'yar tsaga ta ƙasan reshen, sannan ya yanko ta sama, don kada nauyin ya ɓantare ɓawo har jikin uwar. In gunduwar ta rabu, na ƙasa ba ya riƙe igiyar gam. Yakan bar ta ta zame kaɗan sannan ya tsayar da ita a hankali. Shugaban ya ce a nan ake gane gwanin ƙasa: ɗanyen oak mai mita ɗaya tsawo da faɗi da kauri ya kai kusan tan ɗaya, in aka tsayar da gunduwa farat ɗaya, fizgar takan ninka nauyinta, ta girgiza bishiyar da mutumin da ke kanta, wani lokaci ta karya inda aka ɗaura tayar.

Yankan ƙarshe na kowane reshe a wuri ɗaya yake faɗawa, daf da wani ɗan kumburi da ke wuyan reshen, ba a shafe shi daidai da jiki ba, ba a kuma bar dungu ba. Ba su shafa wa raunin komai ba. A da, tun zamanin John Davey, mutumin Somerset da ya koma Amurka ya wallafa littafinsa kan jinyar bishiya a 1901, akan kankare kogo a cika shi da siminti, a shafe yanka da kwalta ko fenti. Alex Shigo na hukumar gandun dajin Amurka ne ya rushe wannan, bayan ya tsattsaga dubban bishiyoyi yana bin sawun ruɓa. Ya nuna cewa bishiya ba ta warkar da rauni yadda fata ke yi, killace shi take yi ta gina sabon nama a kewaye, kuma a wannan kumburin wuya katangar take. Wanda ya yanke shi ya buɗe wa ruɓa ƙofa.

Da rana muka zauna a bayan mota, su da shayinsu da burodi, ni da dabinon da na zo da shi. Hira ta koma kan abin da ke kashe masu sana'ar. Suka lissafa: faɗowa, da faɗowar itace a kan mutum, da zarto, da wayar lantarki. Zarto kuwa mugun halinsa shi ne harbi. In saman hancinsa ya taɓa wani abu yakan yi tsalle ya dawo wa mai shi a fuska ko wuya kafin ƙiftawar ido, shi ya sa aka yi masa birki a gaban hannun hagu, shi ya sa kuma ake hana riƙe shi da hannu ɗaya, ko da yake ƙaramin na hawa yana jarabtar mutum ya yi hakan. Injin niƙa rassa ma ba ya bambanta reshe da hannun riga, don haka aka kewaye bakinsa da wani ƙarfe da ke tsayar da shi da zarar jiki ya taɓa. Amma shugaban ya ce abin da ya fi korar mutane daga aikin ba ya zuwa a rana ɗaya. Ya nuna yatsunsa, waɗanda kan yi fari fat su mutu in sanyi ya kama, sakamakon shekarun karkarwar inji. Sai kunne, sai gwiwa, sai gadon baya. Ƙorafinsa na ƙarshe kan masu bin gida-gida ne da mota da zarto, ba takarda, ba inshora, ba mai ceto, su karya farashi da rabi, su zubar da rassan a bakin hanya da dare. Mai gida yana ganin ya yi arha, bai san kuɗin mutum na biyu ne aka cire masa ba.

Wajen ƙarfe uku aka fara yayyafi, iska ta taso. Saura rassa kaɗan, aikin da bai fi na awa ɗaya ba. Saurayin ya ce zai ƙarasa. Shugaban ya kalli sama ya ce ya sauko, gobe ma rana ce. Dawowar za ta ci masa mai da lokaci, amma ya ce yawancin labaran da yake ji marasa daɗi da "saura kaɗan" suke farawa.

Lambun Kew da abin da guguwa ta koyar

Daga Ealing bas mai lamba 65 ke kai mutum ƙofar lambun Kew, wanda aka kafa a 1759 a gaɓar kogin Thames. Akwai wata gada da aka gina a tsakanin kawunan bishiyoyi, tsayinta mita 18. Na hau ta, iska tana ɗan kaɗa ta, ina riƙe da ƙarfe da hannu biyu. A wannan tsayi saurayin nan yake tafiya a kan reshe da zarto a ƙugu.

Duk mai wannan sana'a a Ingila da ya manyanta yana da labarin daren 15 ga Oktoba 1987. Guguwar da ta ratsa kudancin ƙasar kafin asuba ta kayar da bishiyoyi kimanin miliyan 15, ta kashe mutum 18. Garin Sevenoaks, mai taƙama da itatuwan oak bakwai, ya wayi gari da guda ɗaya. Kew ta rasa kimanin 700. A cikin waɗanda abin ya taɓa akwai wani oak da aka dasa a 1798, wanda dama ya fara ramewa. Iska ta ɗaga shi da saiwoyinsa da ƙasar da ke jikinsu, ta sake dire shi a raminsa. An sa shi a jerin waɗanda za a sare, amma aiki ya yi yawa, kafin a zo kansa sai aka ga ya yi sabon ganye fiye da da. Tony Kirkham, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen bishiyoyin lambun, ya sha bayyana abin da suka gano: takun maziyarta na shekaru ya danne ƙasa har iska da ruwa ba sa kaiwa ga saiwa, guguwar kuwa ta sassauta ta. Tun daga nan suke hura iska mai ƙarfi cikin ƙasar gindin tsofaffin bishiyoyi, su rufe da ɓarzajjen itace. Na tsaya ƙarƙashin oak ɗin, rassansa sun kusa taɓa ƙasa ta kowane gefe.

A wannan yanki na yammacin Landan ne kuma aka fara ganin wata tsutsa mai gashi a jikin oak a 2006. Gashinta na sa ƙaiƙayi da kumburin ido da sarƙewar numfashi, yana kuma daɗewa a tsohuwar sheƙarta. Masu cire ta sukan rufe jiki ruf, har fuska, su zuƙe sheƙar da inji. Wani sabon haɗari ke nan da iyayen gidansu ba su sani ba.

Arewa zuwa Sherwood

Kafin in dawo gida muka hau jirgin ƙasa daga tashar St Pancras zuwa Nottingham, daga can muka shiga bas zuwa ƙauyen Edwinstowe. A hanya ɗan yayata yana nuna mini bishiyoyin ash da kawunansu suka bushe, wasu an yi musu ɗigon fenti. Wata cutar naman gwari ce da aka tabbatar da shigowarta ƙasar a 2012, tana bin su kamar yadda wata cutar ta kashe bishiyoyin elm fiye da miliyan 25 daga ƙarshen shekarun 1960. Masu hawa suna tsoron ash mai ciwo, don itacensa yakan yi gautsi, reshen da ido ke gani lafiyayye ya ɓalle ba gargaɗi. Da yawa sun daina hawansa sam, sai da kwando ko da inji mai dogon hannu da ke damƙe itace ya yanke.

A dajin Sherwood akwai oak ɗin da ake kira Major, wanda tatsuniya ta ce Robin Hood ya ɓuya a cikinsa. Ana ƙiyasta shekarunsa tsakanin 800 da 1000, kewayen gindinsa ya kai mita 10. Tun 1908 aka fara ɗaure rassansa da sarƙoƙi, daga baya aka tokare su da turaku, a shekarun 1970 kuma aka kewaye shi da shinge don hana takun mutane danne saiwoyinsa. Masu kula da shi sun gaji juna tsara bayan tsara, kowace tsara tana gyara kuskuren wadda ta gabace ta. Ƙasar da ke yi wa tsohon itace irin wannan hidima ba abin mamaki ba ne da ta ɗaure mutum biyu shekara huɗu da wata uku kowanne a 2025, saboda sun sare wata shahararriyar bishiya ta gefen ganuwar Hadrian cikin dare a Satumban 2023.

A jirgin dawowa tunanina ya koma layukan darbejiya na Kano da Katsina da Maiduguri da Maraɗi, waɗanda iskar farkon damina ke karya wa rassa duk shekara, su faɗa kan rumfuna da wayoyi da mutane. Iya hawa ba mu rasa shi ba. Makiyayin da ke hawa maɗaci ko gawo da rani, ba takalmi, adda a hannu, don ya saro wa shanunsa ganye, zai ba saurayin Richmond mamaki. Zarton inji ma ya cika garuruwanmu, sai dai sau da yawa mai riƙe da shi silifa ce a ƙafarsa. In ya faɗo ko ya sare ƙafa mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu yi masa jaje, wani ya ɗauki zarton.

Wandon nan da motar kwando da na'urar sauraron cikin itace suna da tsada, ba kowa zai same su ba. Amma yawancin abin da na ga yana tsare ran mutanen nan ba sayensa ake yi ba. Kewaya bishiya a dube ta kafin a hau, da tsagar ƙasa kafin yankan sama, da kira a jira amsa, da ƙin kusantar waya sai an ɗauke wuta, da saukowa in iska ta taso, duk kyauta ne. Igiya mai kyau da ɗamara kuwa ba su kai kuɗin jinyar karyewar baya ba. Muna da makarantun koyon aikin gandun daji a Jos da Afaka ta Kaduna, muna da ma'aikatun muhalli da ke ba da kwangilar sassabe titi. Su za su iya farawa da sharaɗi guda: duk wanda zai hau bishiya da zarto, a tabbatar akwai wani a gindinta da igiyarsa, wanda aka koya wa yadda zai sauko da shi.